Amsoshin Wasiƙunku: Idan na isa filin jirgin sama, ina zan dosa?

Wasiƙar wannan mako daga Gusau ta fito. Mai sauraronmu yaron kanti ne, ya ce maigidansa zai aike shi birnin Gwangzu na ƙasar Sin ya sayo kaya. Ta Kano zai tashi, ya ya da zango a Adis Ababa, kuma bai taɓa shiga jirgi ba. Tambayarsa ita ce, in ya isa filin jirgin, ina zai dosa, me kuma zai yi?

To Malam, mun gode da wannan tambaya, ga amsa.

Tun daga gida ake fara tafiyar. Duba fasfonka, ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare aiki. Duba bizar da ke ciki, ka tabbata sunanka da ke jikin tikiti ya yi daidai da na fasfo, harafi da harafi. Sai katin allurar rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. In ka taɓa yin allurar ba sai ka sake ba, domin tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Waɗannan takardu a jikinka za su zauna, ba cikin akwati ba.

Ka isa filin jirgin Malam Aminu Kano da awa 3 kafin lokacin tashi. Jirgi ba motar tasha ba ce da za a jira ta cika. Galibi saura awa ɗaya ake rufe wurin awon kaya, in an rufe kuwa magiya ba ta buɗe shi.

Da shigarka za a sa kayanka cikin na'ura, jami'an kwastan da na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wato NDLEA, su ma suna iya cewa ka buɗe. Buɗe da hannunka, ka rufe da hannunka. Daga nan sai teburin kamfanin jirginku, inda za a karɓi fasfo a auna kaya. A irin wannan doguwar tafiya akan ba mutum akwati 2, kowanne kilo 23, da jakar hannu mai kilo 7, amma abin da aka rubuta a tikitinka shi ne hujja.

To a nan nake so ka buɗe kunne da kyau, don nan ne zuciyar maganar. Kowane akwati da aka karɓa za a ɗaura masa wata doguwar takarda mai lamba da sunanka, sannan a ba ka ɗan guntunta, yawanci a manna shi a bayan katin shiga jirgi. Ƙirga guntayen nan kafin ka ɗaga ƙafa. Akwati biyu, guntu biyu. In ka ga uku, kada ka matsa sai an warware maka. A watan Disamba na 2018 an kama wata ɗaliba a Saudiyya bayan ta tashi daga Kano, saboda wata jaka mai ƙwayar tramadol da aka ɗaura wa sunanta alhali ba tata ba ce. Sai da binciken NDLEA ya gano cewa wasu ma'aikatan filin jirgin ne suka yi aika-aikar, aka sako ta a ƙarshen Afrilun 2019, bayan wata 4 a tsare. Ƙasar Sin da za ka ita ma hukuncin kisa take yanke wa masu fataucin ƙwaya. Saboda haka ɗauki hoton akwatunanka da na guntayen da wayarka, ka aika gida. Duk wanda ya ce maka "ɗan riƙe mini wannan saƙo, wani zai karɓa a can", ko da dattijo ne mai furfura, ka ba shi haƙuri. Na san abin da nauyi a al'adarmu, amma a wurin nan kunya ba taka ba ce.

Duba kuma haruffa uku da ke jikin takardar. Na Kano KAN ne, na Adis Ababa ADD, na Gwangzu kuwa CAN, daga tsohon sunan birnin, Kanton. Ka ga harafi ɗaya ne tsakaninsa da Kano. In CAN aka rubuta, kayanka sun wuce kai tsaye, kada ka tsaya neman su a Habasha.

Sauran matakan ba su da wuya. Jami'an shige da fice za su buga maka hatimi. In kuɗin da ke jikinka sun haura dala 10,000, faɗa wa kwastan ka cike takarda. Mallakarsu ba laifi ba ne, ɓoyewar ce laifi. A bincike na ƙarshe za ka cire agogo da waya da abin da ke aljihu. Duk abu mai ruwa a jakar hannu, turare ne ko man shafawa, kada kwalbarsa ta wuce mililita 100, ƙa'idar da ta samo asali tun 2006. Wuƙar yankan farce da almakashi su tafi cikin akwati, batirin cajin waya kuwa a jakar hannu ake son sa. Kilishi fa? Cinye abinka a gida, kwastan na Sin ba sa barin matafiyi ya shiga da nama.

A Adis Ababa, da saukarku bi alamar da aka rubuta Transfer, ka nemi lambar jirginka a allo, don ƙofar shiga takan canja. Agogon Habasha yana gaba da namu da awa 2, na Sin da awa 7, kuma kowane lokaci da ke jikin tikiti na garin da aka ambata ne. Gyara agogonka tun kana saukowa, ka je ka ga ƙofarka da idonka tukuna, sannan ka nemi abinci ko wurin hutawa. In ka rikice, nuna katinka ga ma'aikacin da ke sanye da kayan kamfanin jirgin, ko ba ka jin Turanci zai nuna maka hanya.

Allah ya kai ka lafiya Malam, a gai da mutanen Gusau.