Kafin ka hau motar Kano, ka iya riƙe kyamara?

Daga WAKILIN MU, a Talata Mafara

DUK matashin da ka zauna da shi a Mafara, Bakura ko Maradun, in dai mai son fim ne, ba za a tashi hira ba sai ya jefo maka tambayar nan: "Don Allah yaya zan yi in shiga industiri?" Kowa so ya ke ya zama Ali Nuhu ko Adam A. Zango. To amma akwai wata ƙofa da ta ke buɗe a nan gida, ba a cika kallon ta ba: sana'ar ɗaukar hoto.

Masu karatu za su tuna zamanin kaset. Lokacin da 'Sangaya' ya fito a 1999, 'Wasila' ya biyo baya a 2000, me ya ke fara jan mai saye a shago? Fosta da bangon kaset. Mai hoto ne ya ke bin 'yan wasa lokeshin ya ɗauko su. Yau harkar ta koma YouTube, amma har gobe hoton da aka liƙa a fuskar fim shi ke sa a danna ko a wuce. Kuma wanda ya san haske a hoto ya yi rabin tafiyar zama kyamaraman.

A da sana'ar na da wuya. Fim ɗin Kodak ko Fuji hoto 36 ya ke ci, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an kai wanki. Yanzu wayar hannu ta karya kasuwar gidajen hoto da dama. Abin da ya rage wa mai kyamara shi ne aikin da waya ba ta iyawa da kyau: biki da suna, walimar saukar Alƙur'ani, fasfo na 'yan makaranta, fostar 'yan siyasa. Kada a manta, gwamnoni uku su ka fito daga garuruwan nan: Ahmad Sani Yariman Bakura a 1999, Abdul'aziz Yari na Mafara a 2011, da Bello Matawalle na Maradun a 2019. Inda siyasa ta ke da zafi haka, mai hoto ba ya zaman banza.

To da me za a fara? Ba sai ka sayar da gonar gado ba. Tsohuwar Canon 600D ko Nikon D3100 ta hannu ta isa, da gilashi mai lamba 50mm, batir biyu saboda halin wutar mu, da memori biyu. Sannan ka nemi ubangida a sana'ar, ka riƙe masa jaka da fitila na wasu watanni. Ba faɗuwa ba ce.

Wurin gwaji kuwa kyauta ne. Ka je kasuwar Mafara ranar Talata, ko bakin dam ɗin Bakolori da aka kammala a 1978, in hanya ta yi lafiya. Da sassafe ko bayan La'asar haske ya fi taushi. Ranar tsaka ta na zuba inuwa a idon mutum. In ango ya sha farar shadda, ka auna haske a fuskar sa, in ba haka ba riga ta fito, fuska ta yi duhu. Dokin hawan Sallah ya na son saurin 1/500 ko fiye. Da hunturu kada ka kuskura ka cire gilashi a waje, ƙura za ta shige ciki.

Ni kai na na taɓa shan kunya. Ina makaranta na karɓi aikin wani biki da kyamarar aro. Na dawo cikin gajiya, na goge memori ina zaton na kwafe. Wallahi har yau in na hango angon nan sai in sauya hanya. Biki ba lokeshin ba ne, babu darakta da zai ce a sake. Ka ajiye aikin ka wuri biyu kafin ka kwanta.

Sai babbar magana: amana. Zamfara ce jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'a a 1999, kuma mutanen ta ba su wasa da mutuncin iyali. Magidancin da ya bar ka ka ɗauki 'yar sa ranar auren ta, amana ya ba ka. Ka saka hoton a TikTok ba izini, ka kashe sana'ar ka da hannun ka, don labari ba ya kwana a garuruwan nan. A nan ne ma 'yan mata su ke da dama: cikin gida wajen kamu da lalle, mace mai kyamara ta na shiga inda namiji ba zai taka ba.

Haka kuma a kula da halin tsaro. Kada ka ɗaga kyamara a shingen jami'an tsaro, kada ka bi hanyar ƙauye da dare saboda kuɗin aiki. Waɗanda su ka ga yadda aka katse layukan waya a jihar a Satumbar 2021 sun san amfanin samun ƙaramar na'urar buga hoto, a miƙa wa mutum abin sa a hannu.

Don haka ɗan'uwa, Kano ba ta gudu. Ka je mata da hotuna hamsin masu kyau a jaka, ka ga ko furodusa zai ce maka "sai mun neme ka." Allah ya sa albarka a nema, amin.