Haɗakar 'Yan Biyu a Tseren Ƙanƙara: Wa Ya Ci Riba, Wa Aka Bari a Baya?

A watan Fabrairun 2025, a gasar zakarun duniya ta tseren zamiya kan ƙanƙarar tsaunuka da aka yi a Saalbach ta ƙasar Ostiriya, hukumar FIS mai kula da wasan ta gabatar da sabon tsari ga manyan 'yan wasa. Kowace tawaga mutum biyu ce daga ƙasa ɗaya: na farko ya yi tseren gangara, wanda gudu ne tsantsa daga saman dutse zuwa gindinsa, na biyu ya yi silalom, wato kwana-kwana tsakanin sanduna da aka kakkafa kusa da juna, sai a haɗa lokacinsu. A ɓangaren maza, Suwizalan ce ta kwashe lambobin uku: Franjo von Allmen da Loïc Meillard suka ɗauki zinariya, Alexis Monney da Tanguy Nef azurfa, Stefan Rogentin da Marc Rochat tagulla. Wannan sakamako ya fito da abin da tsarin yake sakawa a kansa. Tsarin ya farfaɗo da gasar da ta kusa mutuwa, amma ya ɗauke lada daga ɗan wasan da ya iya komai, ya miƙa wa ƙasar da ta fi yawan gwanaye.

Dalilin sauyin yana cikin tarihin tsohuwar gasar haɗaka, inda mutum ɗaya yake yin gangara da silalom da kansa. Da ita wasan ya shiga Olamfik a 1936 a Garmisch-Partenkirchen, kuma shekaru da dama ita ce ma'aunin cikakken ɗan wasa. Irin su Pirmin Zurbriggen da Marc Girardelli da Kjetil André Aamodt da Bode Miller sun yi suna ne saboda babu fannin da ba su taɓa ci ba. Sai dai tun ƙarshen shekarun 1990, da aka sauya ƙirar allunan da ake ɗaurawa a ƙafa, fannonin biyu suka yi ta nisa da juna. Allon gangara na maza bai gaza santimita 218 ba, na silalom kuwa yana farawa daga 165. Mai gangara yana bukatar nauyin jiki da ƙarfin zuciya, don gudunsa kan wuce kilomita 130 a awa ɗaya. Johan Clarey na Faransa ma ya haura 160 a Wengen a 2013. Mai silalom yana bukatar saurin juya ƙafa da maimaita atisaye ba ƙaƙƙautawa. Ga shi jadawalin kofin duniya ya cika maƙil daga Oktoba zuwa Maris. Taura biyu ba ta taunuwa, sai 'yan wasa suka riƙa zaɓar ɗaya. Masu shiga haɗakar suka ragu, aka daina sa ta a kofin duniya bayan kakar 2020, kuma nasarar Johannes Strolz a Olamfik ta Beijing a 2022 da ta Alexis Pinturault a gasar duniya ta Courchevel a 2023 su ne suka rufe babinta a manyan gasanni.

A gefe guda, FIS ta daɗe tana neman yadda za ta cusa gasar tawaga cikin wasan da asalinsa na mutum ɗaya ne da agogo. Ta fara a Bormio a 2005, inda Jamus ta ci. Daga 2011 aka koma tsarin da tawagogin, maza da mata a haɗe, ke tsere kafaɗa da kafaɗa a gajeren fili, har ya shiga Olamfik a 2018 da 2022. Matsalarsa ita ce manyan taurari ba su ɗauke shi da muhimmanci ba: Marcel Hirscher bai shiga ba a Olamfik ta 2018 a Pyeongchang. Ga kuma ƙorafin cewa ɗaya daga hanyoyin biyu takan fi ɗaya sauri. Saboda haka haɗakar 'yan biyu ta zo ta maye gurbin abu biyu a jadawalin Olamfik ta Milano Cortina ta 2026: tsohuwar haɗaka da kuma tseren tawagar maza da mata.

Masu goyon bayan tsarin suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. A tsohuwar haɗaka, mai kallo yakan ga gwanin gangara yana fama da sandunan silalom kamar ɗan koyo, ko gwanin silalom yana saukowa a tsorace a hanyar da ba tasa ba, da haɗarin karaya. Yanzu kowa yana yin abin da ya ƙware a kai, ingancin tseren ya ƙaru, kuma ba a sanin zakara sai mai silalom na ƙarshe ya sauko. Akwai kuma wani sabon nauyi da wasan bai saba da shi ba: wanda ya kuskure sanda ɗaya ya zubar da wahalar abokinsa. Duk wannan gaskiya ne. Abin da hujjar ba ta amsa ba shi ne wa ke da damar shiga.

Tseren gangara shi ne mafi tsada a wasan. Yana bukatar dogon dutse da aka killace da raga, da masu aikin ceto, da tafiyar atisaye zuwa Chile ko Ajantina lokacin da Turai ke cikin zafi. Ƙasashe kaɗan ne ke iya ɗaukar wannan nauyi. Silalom kuwa ana iya koyonsa a ƙaramin tudu, shi ya sa ƙananan ƙasashe suke fitowa ta nan. Dave Ryding na Birtaniya, wanda ya taso a filin roba, ya ci Kitzbühel a 2022. AJ Ginnis ya samo wa Girka azurfa a gasar duniya ta 2023. Lucas Pinheiro Braathen ya koma yi wa Burazil wasa a 2024. Kowannensu ya nuna zai iya doke kowa a silalom, amma ƙasarsa ba ta da gwanin gangara da zai kai shi kusa da lamba. A tsohon tsari, ɗan ƙaramar ƙasa kan ci da kansa, kamar yadda Ivica Kostelić na Kuroshiya ya samu azurfar haɗaka a Olamfik uku a jere, 2006 da 2010 da 2014. Tseren tawagar maza da mata ma ya bai wa Silobakiya azurfa a St. Moritz a 2017. Sabon tsarin ya ƙuntata duka ƙofofin biyu.

Wani zai ce ai Suwizalan da Ostiriya su ne kan gaba a wasan tun fil azal, don haka sakamakon Saalbach hoton gaskiya ne kawai. Amma akwai bambanci tsakanin ƙasa ta yi fice saboda 'yan wasanta sun fi, da kuma doka ta ninka mata fifikon. Da aka yarda ƙasa ɗaya ta fito da tawagogi har huɗu, an ba mai yawan gwanaye damar jefa ƙuri'a sau huɗu, alhali wata ko ɗaya ba ta iya haɗawa. Suwizalan ta share dandamalin ne ba tare da Marco Odermatt ba, wanda shi ne jagoran kofin duniya a lokacin. Gasar da ƙasa za ta iya kwashe lambobinta duka bayan ta ajiye babban tauraronta tana auna zurfin aljihu da yawan matasan da aka horar, fiye da yadda take auna fafatawa tsakanin ƙasashe.

Komawa tsohuwar haɗaka ba mafita ba ce, domin dalilan da suka kashe ta suna nan. Gyaran da ke hannun FIS guda biyu ne. Na farko, ta taƙaita tawagogin kowace ƙasa zuwa biyu, yadda aƙalla lamba ɗaya za ta fita daga gida ɗaya. Na biyu, ta zuba wani kaso na kuɗin talabijin wajen samar wa matasan ƙananan ƙasashe filayen atisayen gangara na haɗin gwiwa, tunda rashin fili shi ne tushen giɓin. Idan ba a yi haka ba, haɗakar 'yan biyu za ta ci gaba da ƙayatar da masu kallo, amma za a riƙa raba lambobinta ne tsakanin 'yan ƙasashen da ke kewaye da tsaunukan Alps da wasu biyu ko uku masu hali irin nasu.