Jinkirin intanet ta kebul a kwamfutar gida

Jinkirin intanet ta kebul matsala ce da ke faruwa idan kwamfutar da aka jona da rauta ko modem ta hanyar kebul ba ta samun saurin da ya kamata ta samu. Jonin kebul ya fi Wi-Fi tabbas, domin bango ko nisan ɗaki ba sa raunana shi, don haka idan ya yi jinkiri akan iya gano dalili ta bin hanyar daki-daki. Matsalar kan taso daga ɗaya cikin wurare huɗu: kebul ɗin kansa, kwamfutar, rauta, ko layin kamfanin da ke samar da intanet.

Asali

Jonin kebul a gidaje ya dogara ne kan fasahar Ethernet, wadda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙira a cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Kalifoniya a Amurka a shekarar 1973. Ƙungiyar IEEE ta amince da ƙa'idarta mai lamba 802.3 a 1983. A 1995 aka fitar da nau'in da ke gudun megabit 100 a sakan, a 1999 kuma aka fitar da mai gudun megabit 1,000, wato gigabit ɗaya, a kan wayar jan ƙarfe. Yawancin kwamfutocin gida na yanzu suna da kafar gigabit, amma har yanzu akwai rautoci masu araha da tsofaffin kwamfutoci da ba sa wuce megabit 100.

Auna sauri

Kamfanoni suna sayar da intanet da ma'aunin megabit, amma manhajojin sauke fayil sukan nuna megabayit. Bayit ɗaya bit takwas ne. Saboda haka layi mai megabit 100 ba zai sauke abin da ya haura megabayit 12.5 a sakan ba, kuma mutane da dama kan ɗauki wannan a matsayin matsala alhali lissafi ne kawai. Haka kuma wani kaso na saurin yana tafiya wajen bayanan da ke raka saƙo, shi ya sa jonin gigabit mai lafiya kan nuna kimanin megabit 940.

Ana auna sauri da Speedtest na kamfanin Ookla ko Fast.com na Netflix. Kafin awo ana rufe duk manhajojin da ke amfani da intanet, a kashe Wi-Fi na kwamfutar don a tabbatar kebul ne ke aiki, sannan a maimaita awon da safe da dare. Idan aka jona wata kwamfuta da wannan kebul ɗin ta samu cikakken sauri, matsalar tana cikin kwamfuta ta farko. Idan ita ma ta yi jinkiri, sai a duba kebul, rauta ko layin kamfani.

Kebul

A cikin kebul ɗin Ethernet akwai ƙananan wayoyi takwas da aka murɗe biyu-biyu. Jonin megabit 100 yana amfani da huɗu kawai, gigabit kuwa yana buƙatar dukkan takwas ɗin. Idan guda ɗaya ta tsinke ko ba ta taɓa ƙarfen kan kebul da kyau ba, na'urori da yawa sukan sauka zuwa megabit 100 ba tare da intanet ta yanke ba. Alamar wannan ita ce awo ya tsaya cak tsakanin megabit 90 zuwa 95, komai girman tsarin da aka biya.

Kebul iri-iri ne. Cat5e ya isa gigabit ɗaya. Cat6 yana ɗaukar gigabit 10 har zuwa kimanin mita 55, Cat6a kuwa har mita 100. Ƙa'ida ta tsayar da tsawon kebul tsakanin na'urori biyu a mita 100. A kasuwa ana samun kebul mai araha wanda cikinsa alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe. Bai cika ƙa'ida ba, yana saurin karyewa, kuma ya fi ba da matsala idan aka ja shi da nisa. Maƙalewa a ƙofa, cizon ɓera, tsatsa a bakin kafa da shimfiɗa kebul gab da wayar lantarki duk suna iya lalata jonin. Hanya mafi sauƙi ta gwaji ita ce a sauya shi da gajeren kebul da aka san yana da kyau.

Kwamfuta

Da zarar an jona kebul, katin sadarwa na kwamfuta da rauta suna daidaita saurin da za su yi aiki da shi. A Windows ana ganin wannan adadi a shafin Ethernet na saitin sadarwa, a Linux kuma da umarnin ethtool. Idan wani ya saita saurin da hannu a ɓangare ɗaya ya bar ɗayan yana zaɓa da kansa, kwamfuta na iya aikawa da karɓa lokaci guda yayin da rauta ke yin ɗaya bayan ɗaya. Saƙonni sukan yi karo, sauri ya faɗi ƙwarai. Gyaran shi ne a mayar da ɓangarorin biyu kan zaɓin kai tsaye.

Tsohuwar manhajar da ke sarrafa katin sadarwa, da saitin tattalin wuta, su ma kan jawo jinkiri. Adaftar da ke shiga kafar USB 2.0 ba za ta kai gigabit ba, domin iyakar wannan kafa megabit 480 ne. Akwai kuma manhajojin da ke cin intanet a ɓoye, kamar sabunta Windows, ɗora hotuna a ma'ajiyar intanet, VPN, ko ƙwayar cutar kwamfuta. Task Manager yana nuna manhajar da ta fi jan layin.

Rauta da layin kamfani

Umarnin ping yana auna lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. Idan aka tura shi zuwa adireshin rauta, wanda galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, amsa kan dawo cikin kimanin milisakan ɗaya. Jinkiri ko ɓatan saƙo a nan yana nuna matsalar tana cikin gida. Idan rauta na amsawa da kyau amma adireshin waje kamar 8.8.8.8 yana ɓata lokaci, to ta fi kusa da layin kamfani.

Rauta kan yi nauyi idan ta yi zafi, ko ƙura ta toshe mata iska, ko mutane da yawa na kallon bidiyo ta Wi-Fi, domin dukkansu layi ɗaya suke rabawa. Kashe ta na ɗan lokaci, sauya kafa da sabunta manhajarta sukan taimaka. A gidajen da rauta ke aiki da layin waya na 4G ko 5G, kebul ɗin ya tsaya ne tsakanin kwamfuta da rauta, sauran tafiyar ta iska ce, don haka ƙarfin sabis da cunkoson yamma su ke yanke saurin. Wasu tsare-tsaren kuma suna rage gudu idan an cinye wani adadi na data.

Wani lokacin dalilin yana nesa da gida. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku na WACS, MainOne, SAT-3 da ACE sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, lamarin da ya jawo jinkiri da yankewar intanet a Najeriya, Ghana, Kwaddibuwa da wasu ƙasashe. A irin wannan yanayi babu gyaran da za a yi a gida. Idan kuwa gwaji ya nuna kebul, kwamfuta da rauta lafiyarsu ƙalau, mai layi yakan kai ƙorafi ga kamfani tare da sakamakon awon da ya yi, da ranaku da lokutan da ya yi su.