Kogin Kubanni Daga Shika Zuwa Galma

Duk wanda ya taso daga Sabon Garin Zariya ya nufi Tudun Wada, tilas ya ƙetare gadar Kubanni. Amma kaɗan ne daga cikinmu ke leƙawa ƙasa su tambayi inda ruwan nan ya fito da inda za shi.

Mafarinsa yana wajen dutsen Kampagi, kusa da Shika, arewa maso yamma da birnin Zazzau. Daga nan sai ya gangaro kudu maso gabas, 'yan rafuka irin su Malmo da Maigamo suna zuba masa ruwa, har ya shiga filin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Ya wuce, ya raba Sabon Gari da Tudun Wada, sa'an nan ya faɗa cikin Galma. Tsawonsa duka bai fi mil 13 ba. Ita kuwa Galma ta kai ruwan Kaduna, Kaduna ta kai shi Kwara a ƙasar Nufe. Watau ruwan da aka yi a Shika da daddare, ƙarshensa teku.

Da damina, musamman a watan Agusta, ya kan cika ya batse, ruwansa ja wur saboda ƙasar da ya kwaso. Da rani kuwa, a wurare da yawa yaro ma ya tsallake shi. A lokacin nan ne masu lambu ke cin moriyarsa, suna ban ruwa ga tumatir da albasa da latas.

Jan ruwan nan shi ne abin da ya dame mu. An kafa jami'a a 1962, aka datse kogin a 1973 don ta sami ruwan sha. To, ita madatsa ba ruwa kaɗai ta ke tarewa ba. Duk ƙasar da ruwan sama ya zaizaye daga gonakin da aka nome har bakin gaɓa, can ƙarƙashin tafkin ta ke kwantawa. Kowace shekara zurfinsa na raguwa, ga shi kuwa masu sha sai ƙaruwa su ke yi. Yashe tafki aiki ne mai cin kuɗi ƙwarai. Barin ciyawa da itatuwa a bakin rafi ya fi araha nesa.

Ƙasa da madatsa kuma, inda kogin ya ratsa gari, shara da ruwan kwata ake tura masa. Da wannan ruwa ne waɗansu ke shayar da ganyen da mu ke saye a kasuwar Sabon Gari.