Ƙusar tagulla da ta tona asirin jirgin bayi

Fatakenmu da ke zuwa Kwatano da Lome ɗaukar kaya sun san masu tsintar tsoffin ƙarafa a bakin teku. Ana ɗora musu bisa sikeli, a biya su da kilo, sannan a kai ma maƙera su narke. Jan ƙarfe da tagulla su ne masu tsada, shi ya sa ba su daɗewa a ƙasa. Amma cikin irin waɗanga tarkace akan samu wata ƴar ƙusa koriya, wadda ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, alhali ita kaɗai ce ke iya faɗin ko wane jirgi ne ya nutse a wurin, da zamanin da anka ƙera shi. Ga labarin wani jirgi da irin wagga ƙusa ta sa anka gane shi bayan shekara ɗari biyu da ashirin.

Sai mun fara da dalilin da ya sa ake samun jan ƙarfe a jikin jirgin katako. A cikin ruwan teku mai ɗumi akwai wata halitta mai kama da tsutsa, wadda ke yi ma katako abin da gara ke yi ma azara: waje lafiya lau, ciki kuwa duk rami. Ga kuma gansakuka da ƴan ƙwaruruka masu ɓawo da ke manne ma gindin jirgi har su rage mishi gudu. A shekara ta 1761 sojan ruwan Ingila sunka gwada lulluɓe gindin wani jirginsu mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe. Dabarar ta ci, tsutsa ta kasa shiga. Sai dai wata matsala ta ɓullo: in jan ƙarfe da baƙin ƙarfe sunka haɗu cikin ruwan gishiri, baƙin ne ke cinyewa. Ƙusoshin da ke riƙe da katakan jirgi sunka riƙa ruɓewa a ɓoye. Daga wajen 1783 Ingilishi sunka koma ga manyan ƙusoshi na jan ƙarfe da gaurayensa, sauran ƙasashen Turai kuma sunka bi sahu sannu a hankali. A 1832 wani attajirin Birmingham, George Muntz, ya yi rajistar wani gauraye mai araha, kashi 60 cikin ɗari jan ƙarfe, kashi 40 tutiya, mai launin rawaya. Jiragen fatauci sunka rungume shi.

Mai karatu ya riƙe waɗanga shekaru, domin su ne ma'aunin masu bincike. Jirgin da anka tarar da fallayen jan ƙarfe da ƙusoshinsu a jikinsa, da wuya ƙwarai ya zama ya nutse kafin ƙarshen ƙarni na 18. In kuwa awo ya nuna tutiya ta kai kashi 40, to ba a maganar abin da ya gabaci 1832. Ga wanda ya tsinci ƙarfe a bakin ruwa, gwajin farko mai sauƙi ne: maganaɗisu ba ya kama tagulla, kuma tsatsarta koriya ce, ba ja ba. Daga nan sai siffa. Ƙusar falle gajera ce mai faffaɗan kai. Wadda ke haɗa katako da katako ta fi tsawo, mai kusurwa huɗu. Mai ratsa ƙashin jirgi kuwa sanda ce mulmulalla, wani lokaci ta fi kamu ɗaya, an dake bakinta bisa wani zobe. Kayan sojan ruwan Ingila har tambari gare su, mai kama da kan kibiya, wanda ke nuna dukiyar gwamnati ce.

To, mu je birnin Kap, a Afirka ta Kudu. A shekarun 1980 wasu masu ninƙaya, masu neman dukiyar da ta nutse, sunka ci karo da ɓaraguzan jirgi a gaɓar Clifton, kamar mita ɗari daga tudu, tsakanin duwatsu biyu. Sunka kwashi abin da sunka kwasa, sunka ce jirgin fataucin Holan ne mai suna Schuylenburg, wanda ya ɓace a 1756. Haka anka rubuta, haka maganar ta zauna kusan shekara talatin, ba wanda ya tuhume ta.

Wanda ya tada ita shi ne Jaco Boshoff, masanin kayan tarihi na cikin ruwa a gidajen tarihi na Iziko, tare da abokan aikinsa na wani shirin neman jiragen bayi da anka kafa a 2008. Da sunka nutsa a wurin sai sunka tarar da ƙusoshin jan ƙarfe da guntayen falle. Nan take lissafi ya ƙi fita. Yaya za a yi jirgin da ya nutse a 1756 ya sa rigar da ba a fara gwadawa ba sai 1761? Ko ɗan lakwal ya san ɗa ba ya girme ma ubansa. Ke nan jirgin wani ne daban, kuma na baya-baya.

Ƙarfe ya ce ba wancan ba ne, amma bai faɗi ko wane ne ba. Wanga aiki na takarda ne. A ma'ajiyar tsoffin takardu ta Kap anka samo bayanin da wani kyaftin ɗan Fotigal, Manuel João Pereira, ya bayar gaban hukuma game da nutsewar jirginsa, São José Paquete d'Africa, kuma wurin da ya kwatanta ya dace da Clifton. A Fotigal kuma anka samo takardar kayan jirgin, wadda ta nuna ya bar Lizbon cikin watan Afrilu 1794 ɗauke da sandunan baƙin ƙarfe fiye da dubu. Irin waɗanga sanduna ne masu nutso sunka tarar a ƙasan ruwa. Amfaninsu kuwa abin takaici ne a faɗa: ana jera su a gindin jirgi domin ya daidaita, saboda ɗan Adam bai kai nauyin buhu ko ganga ba, kuma yana motsi, yana ramewa, yana mutuwa a hanya.

São José ya tashi daga tsibirin Mozambik ran 3 ga Disamba 1794, da bayi wajen 500 a cikinsa, zai kai su Maranyawo, a Birazil. Ran 27 ga watan, cikin dare, iska ta maka shi bisa duwatsu. Tudu yana kusa, har an samu jefa igiya ana jawo mutane. Kyaftin da ma'aikatansa duka sun tsira. Bayi 212 sunka halaka. Waɗanda sunka fita da rai kuwa ba ƴanci sunka samu ba: an saida su a nan Kap. A ganina wanga shi ne wuri mafi ɗaci a labarin, domin bayanin da kyaftin ya bayar na asarar dukiya ne, irin wanda ɗan kasuwa ke yi in motarsa ta faɗi da kaya.

Ba a Kap kaɗai jan ƙarfe ya ba da shaida ba. Cikin watan Afrilu 2008, ma'aikatan haƙar lu'ulu'u a Oranjemund, gaɓar Namibiya, sunka tono wasu curarrun jan ƙarfe masu kama da rabin ƙwarya, kowane da tambarin mashi mai baki uku. Tambarin na gidan Fugger ne, manyan attajiran Augsburg a Jamus. Shi da kuɗin zinariya na zamanin sarki João na uku sunka kai masana ga jirgin Bom Jesus, wanda ya bar Lizbon a 1533 zai tafi Indiya. A cikinsa akwai hauren giwa fiye da ɗari, kuma binciken da anka buga a 2020 ya nuna giwayen na Afirka ta Yamma ne. Da waɗancan ma'aikata sun kai curarrun ga sikeli, da labarin ya ƙare a cikin wutar maƙera.

Shi ya sa masana ke roƙon wanda ya tsinci irin wanga abu ya yi haƙuri da hannunsa. Kada ya goge shi da toka ko lemun tsami don ya yi ƙyalli, domin tambari da alamun guduma na tafiya tare da tsatsar. Ya lura da daidai wurin da ya same shi, ya ɗau hoto, ya sanar da gidan tarihi. In daga cikin ruwa ya fito, a bar shi jiƙe, don gishirin da ya shige shi yana ci gaba da cinsa in ya bushe. Yarjejeniyar UNESCO ta 2001 ta ɗauki abin da ya shekara ɗari a ƙarƙashin ruwa a matsayin gadon tarihi, ba hajar saidawa ba.

Cikin watan Yuni 2015 anka bayyana ma duniya cewa ɓaraguzan Clifton na São José ne. Wasu daga cikin sandunan ƙarfen an ba da aronsu ga gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka da anka buɗe a Washinton a 2016. A ranar tunawa da mamatan, anka kawo ƙasa daga tsibirin Mozambik, anka shiga da ita cikin ruwan Clifton, anka zuba ta a inda mutane 212 sunka nutse.