Kifin da ake biyan kuɗi don a gan shi kawai

Yau mun kawo muku labarin wata haja da ake saidawa ba tare da ta bar hannun mai ita ba. Hajar nan kifi ce, tana cikin teku a yammacin ƙasar Sikotilan, arewa da Ingila.

Kifin dangin shak ne, kuma a girma shi ne na biyu cikin kifayen duniya. Tsawon babba yakan kai mita 7 zuwa 8, nauyinsa tan da dama, faɗin bakinsa kusan mita 1 in ya buɗe. Wanda ya gan shi sai ya ɗauka mutum zai haɗiye, alhali haƙoransa ƙanana ne ƙwarai. Abincinsa wasu ƴan ƙananan halittun ruwa ne da ido ke gani da ƙyar. Yana tafe a hankali baki buɗe, ruwa na shiga yana fita ta gefen wuyansa, abincin na tsayawa kamar tsaki cikin rariya. Da yake yakan taso saman ruwa lokacin zafi, Turawan Ingila sun sa masa suna mai shan hantsi.

Da can mutanen gaɓar ba kallonsa suke ba, farautarsa suke. Hantarsa takan kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa, cike da mai, kuma da man nan aka daɗe ana kunna fitila. A tsibirin Akil na ƙasar Ailan, tsakanin 1947 da 1975, an kashe fiye da 12.000. Shekarun farko kasuwa ta yi kyau, daga baya kamun ya yi ta raguwa har sana'ar ta mutu. Dalili kuwa, kifin nan yana daɗewa bai balaga ba, kuma ba ya haihuwa da yawa. Masunta sun ci riba, sun haɗa da uwar kuɗi.

Birtaniya ta hana kashe shi a 1998, Ailan ta sa shi cikin dabbobin da doka ke karewa a 2022. Duk da haka, a 2019 ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu ta lissafa shi cikin waɗanda ke fuskantar ƙarewa. A ƙarshen 2020 Sikotilan ta keɓe wani babban yankin teku a tsibiran Hebridis domin shi da wasu manyan dabbobin ruwa.

To ina cinikin yake? Baƙi kan taso daga ƙasashe daban-daban su sauka garin Oban, su shiga jirgin ruwa kusan awa 3 zuwa tsibirin Kol, wanda mazaunansa ba su kai 300 ba, ko maƙwabcinsa Tiri. An fi samun kifin daga Yuli zuwa Satumba. Ƙaramin jirgi ke fita da su, in an hango ƙayar bayansa ta ɓullo saman ruwa sai a kashe gudu. Baƙo ya sa rigar roba mai kauri, don ruwan na da sanyi ko da bazara, ya sa tabarau na ruwa da bututun shaƙar iska a baki. Ba nutsewa ake ba. Mutum ya kwanta rub da ciki bisa ruwa ya yi tsit, sai ga ƙaton baki ya nufo shi, ya kauce ya wuce abinsa.

Akwai ƙa'ida. Ana son a bar tazarar mita 4, kada a taɓa shi, kada a tare masa hanya, kada fiye da mutum 4 su kusance shi lokaci guda. Fatarsa na da kaushi, tana kuje jiki, kuma bugun wutsiyarsa ba abin wasa ba ne.

Kuɗin baƙon nan ba mai jirgi kaɗai ke ci ba. Mai masauki ya samu, mai dafa abinci ta samu, mai kanti ya samu, kifin kuma yana nan, baɗi ya dawo.

Amma mu sani, kasuwa ce marar tabbas. Lokacinta wata 3 ne, iska kan hana jirgi fita, wani ya biya kuɗinsa ya koma gida bai ga komi ba, don hajar ba a ɗaure take ba. Wani da aka liƙa wa na'ura kusa da tsibirin Man a 2007, sai da ya ƙetare tekun Atalantika har kusa da Kanada. Ga kuma kwaɗayi: in jirage suka yi yawa, ko suna gudu, suna iya raunata kifin ko su hana shi cin abinci. Mai jirgin da ya matsa don baƙonsa ya samu hoto mai kyau, hanyar mafarautan Akil ya ɗauka, ko da babu mashi a hannunsa.