Baƙin da Ba Su Shiga Rajista Ba

Shirinmu na musamman yau ya yada zango a Nasarawan Doya cikin ƙaramar hukumar Makarfi, za kuma mu leƙa maƙwabtanmu na Ikara da Kudan.

Wannan yanki ya san baƙo tun ba yau ba. Ƙasar rake ce da masara da tumatir da barkono, kuma duk inda ake saran rake, ko dafa mazarƙwaila, ko tsinkar tumatir a fadama, dole a nemi ƙarin hannu. Ɗan cin-rani yakan zo bayan girbi, ya sauka a zauren wani maigida, ya yi ƙwadagonsa. Da hadari ya fara haɗuwa sai ya ɗaure kayansa ya koma gonarsa.

Baƙon da muke magana a kansa yau ba shi da gonar komawa. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna addabar Zamfara, masifar kuma ta malalo zuwa Faskari da Sabuwa da Ɗandume a jihar Katsina, da Birnin Gwari da Giwa a nan Kaduna. Mutum ne aka ƙone masa rumbu, aka kore masa shanu, wataƙila ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa. In ya kwaso iyalinsa, ba sansani yake tambaya ba. Inda ƙanwarsa ke aure yake nufa, ko gidan abokin cinikinsa na kasuwa, ko garin da ya yi almajiranci. Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IOM, tana ƙidayar irin waɗannan bayin Allah a arewa maso yamma tun 2019, kuma abin da take ta samu shi ne mafi yawansu cikin gidajen jama'a suke zaune.

To, a nan gizo ke saƙar. Agaji yakan bi inda aka ga taron mutane da tantuna. Matar da aka kashe wa miji, ta rakuɓe da 'ya'ya biyar a ɗakin da mai gida yake ajiye buhunan taki, babu motar hukuma da ta san hanyar ƙofarta. Da safe ta tafi aikatau ko kala a gonakin mutane, yara su ɗauki tallar da ba tasu ba. Shi kuwa mai masauki, tsabar da ya auna za ta kai iyalinsa sabuwar kaka, yanzu gida biyu ke cinta, ba ya kuma iya faɗa wa kowa, don kada a ce ya gaji da baƙinsa. Ni dai a ganina, wannan manomin shi ne babbar hukumar agaji a ƙasar nan, kuma shi ne ba a taɓa kira taro an tambaye shi halin da yake ciki ba.

Ba don babu doka ba ne. A 2009 ƙasashen Afirka suka amince da Yarjejeniyar Kampala kan mutanen da aka raba da muhallinsu a cikin ƙasarsu, Najeriya ta rattaba amincewarta a 2012. Yarjejeniyar ta ɗora wa gwamnati buɗe rajistar waɗannan mutane, da sabunta musu takardun shaida da suka ɓace a gudu, ta kuma ambaci taimaka wa garuruwan da suka karɓe su. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan lamarin. Akwai hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1989, akwai hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, akwai takwararta ta jiha, SEMA, a Kaduna. Duk waɗannan da jerin sunaye suke aiki, kuma wanda ba a rubuta ba, a wurinsu bai zo ba.

Mu dubi yadda aka yi a Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Da mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka fara tsallakawa Nijar a 2019, ƙauyukan bakin iyaka ne suka fara sauke su. Daga baya gwamnatin Nijar da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, suka mayar da wasunsu Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, aka yi rijiyoyi da ajujuwa da wurin shan magani, baƙo da ɗan gari kowa na mora. Dabara ce ta rage wa ɗan gari jin haushin baƙo.

Mu nan ba sai mun jira Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Mai unguwa ya san duk gidan da aka yi baƙi. Ya rubuta su: daga ina, mutum nawa, yara nawa ne ba sa makaranta, wa ya rasa takardar haihuwa ko lambar NIN. Ya miƙa wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, kansila ya ɗauka ya kai sakatariya a Makarfi ko Ikara ko Hunkuyi ta ƙaramar hukumar Kudan, daga can ta isa SEMA. Na san wasu za su ce ai cikin baƙin nan akwai infoman 'yan bindiga. Tsoron yana da dalili, amma wanda aka rubuta sunansa, aka san wanda ya tsaya masa, ya fi sauƙin sa ido a kai fiye da wanda ya shigo da dare ba wanda ya tambaye shi.

Saura abin da ke hannunmu. Yawancin baƙin nan manoma ne, kunyar bin layin rabon shinkafa suke ji. Aron gona ko da kadada guda, da iri, da rabin buhun taki kafin damina ta sauka, ya fi musu kwalin taliya goma. Limamanmu kuma, da 'yan agajin ƙungiyoyin addini, da ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN, in an zo fitar da zakkar hatsi bana, a tuna matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin mutum takwas da ta halatta a ba su. A haɗa da mai masaukinsa in shi ma rumbunsa ya yi ƙasa.